Baƙo a Soro Yake Tsayawa: Yadda Za Ka San Abin Bincika da Abin Yarda a Aikin Manhaja da Injiniya

Manhajar farko da na taɓa sayarwa ta lissafin ciniki ce, na rubuta wa wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. A cikinta akwai gurbin da na sa wa suna "ragi". Ni a wajena ragi kashi ne cikin ɗari: biyar, goma, in sabo ya yi sabo sha biyar. Shi kuwa yaron shago ragin da ya sani shi ne na kasuwa: "an rage miki ɗari biyar." Wata Hajiya ta ɗauki turmi uku, yaro ya buga 500 a gurbin, kwamfuta ta cire kashi 500 cikin ɗari, rasit ya fito yana cewa Hajiya ce ke bin shago kuɗi. Bayan la'asar Alhaji ya kira ni: "Injiniya, zo ka ga kwamfutarka ta fara fitar mini da zakka shekara ba ta zagayo ba."

Kunya ta sa na yi abin da duk sabon shiga yake yi. Na bi manhajar layi-layi na dasa mata masu gadi, ko ina ka taɓa sai allo ya ce "ka tabbata?" Ana saura sati biyu ƙaramar Sallah, lokacin da Kwari ba masaka tsinke, yaran suka ture kwamfutar gefe suka koma littafi da biro. Tun kafin nan ma sun saba danna "eh" ido rufe.

Na yi sakaci a karon farko, na yi zaƙewa a na biyu, kuma dalili ɗaya ne: ban zauna na tantance ina ƙofar gidan take ba. Magina na cikin birni sun daɗe da warware wannan. Baƙo a soro yake sallama, a nan ake tambayarsa wa yake nema. Wanda ya wuce soro ba a sake tare shi a bakin madafa a ce ya faɗi sunan ubansa. Amma in aka ga baƙuwar fuska a tsakar gida, ihu ake yi, ba a miƙa masa tabarma. Matakan da ke ƙasa duk kan wannan tsari suke.

Mataki na ɗaya: fito da zatonka fili, ka rubuta shi

Abin da ba ka san kana zatonsa ba, ba za ka bincike shi ba. Kafin ka rubuta layi ɗaya ko ka yanke waya, ɗauki takarda ka jero duk abin da kake ɗauka tabbas ne. Ina ɗauka lambar waya ɗaya ta mutum ɗaya ce. Ina ɗauka agogon kwamfutar daidai yake. Ina ɗauka ba za a sami mutum biyu masu sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, gida ɗaya ba. Ina ɗauka buhu buhu ne.

Duk wanda ya yi wa makaranta ko asibiti aiki a Kano ya san waɗannan ba sa kai azahar. Lambar maigida ɗaya ce take kan fom ɗin 'ya'ya tara. Hassan da Usaini komai nasu ɗaya ne in ban da sunan yanka. Dattawa da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu a matsayin ranar haihuwa. Kwamfutar tebur ta hannu da ɗan batirin agogonta ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta farka a wata tsohuwar shekara, ta buga wa rasit ɗin yau kwanan watan da ba a ma buɗe shagon ba.

Kowane zato ka yi masa tambaya uku. Wa ya tabbatar mini da shi? In ya zama ƙarya, me za a rasa? Bincikensa nawa zai ci, na lokaci ko kuɗi ko haƙurin mai aiki da abin? Inda asarar take da girma binciken kuma da araha, bincika, ba shawara. Inda asarar ba ta taka kara ta karya ba binciken kuma zai gajiyar da mutane, yarda ka wuce. Tsakaninsu ne aikin injiniya yake.

Zaton da ya fi ɓoyewa shi ne na ma'auni. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda manhajar kamfanin da ya ƙera shi tana fitar da ƙarfin turi da ma'aunin fam, masu lissafin hanya kuma suna karanta lambar a matsayin niwton. Fam ɗaya na ƙarfi niwton 4.45 ne. An so kumbon ya ratsa ta nisan kilomita 226 daga doron duniyar Mas, sai ya sauko kusan kilomita 57, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kowane ɓangare lissafinsa daidai ne, lambar ce ta tsallaka daga hannu zuwa hannu ba sunan ma'auni a jikinta. Mu a nan muna da yadi da mita, kuma yadi 100 mita 91.44 ne. Muna da kwano da tiya da kilo a Dawanau. Maganin mai sauƙi ne: sa ma'aunin cikin sunan gurbin. Kada ka rubuta "tsawo", rubuta "tsawo_yadi". Kada ka rubuta "ragi", rubuta "ragi_naira". Da na yi haka da Hajiya ba ta biyo Alhaji bashi ba.

Mataki na biyu: nemo sorayenka

Soro shi ne duk inda bayani yake shigowa daga hannun da ba naka ba: abin da mutum ya buga, fayil ɗin Excel da aka turo, amsar da banki ko wani kamfani ya mayar, abin da na'urar awon zafi ko ta ruwa ta karanto, agogo, har da tsofaffin bayanan da ke rumbunka tun kafin ka kafa dokokin yanzu.

Akwai wanda ake mantawa, wato ɗan gidan da ya fita ya dawo ta waje. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ƙaramin fayil ga manhajarsa da ke kan kwamfutocin jama'a. An tsara za a duba gurbi 21, abin da ake miƙowa kuwa 20 ne. Manhajar ta kai hannu gurbi na 21, ta faɗa inda ba nata ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta, Windows ta faɗi. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci. Fayil ɗin nasu ne, shi ya sa ba a ƙirga shi a bakin ƙofa ba.

Kuma ka sani, binciken da ka sa a shafin burauza ko a manhajar waya ladabi ne ga mai amfani, ba tsaro ba ne. Mai niyyar ɓarna zai zagaye shi ya aika wa saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan tana ajiyewa, kai tsaye. Soro na gaskiya a saba yake.

Mataki na uku: a soro ka tsananta, sau ɗaya, ka mai da komai kama ɗaya

Lambar waya ta ishe mu misali. Wani zai buga ta da sifili a gaba, lamba 11. Wani zai fara da +234. Wani zai raba ta da tazara. Excel kuma in ya ɗauke ta a matsayin adadi sai ya haɗiye sifilin farko, ta dawo 10. Karɓi dukkansu a ƙofa, share tazarar, mai da su siga ɗaya, ka ajiye a matsayin rubutu, ba adadi ba. Daga nan duk wani sashe na cikin manhajar ya san abin da zai tarar. Haka BVN da NIN, su ma lamba 11-11 ne, saboda haka ƙirga tsawo kaɗai ba zai gaya maka an musanya su ba.

Kuɗi kuwa ajiye shi da kobo, cikakken adadi. Buɗe yaren rubuta manhaja na Python ko JavaScript ka tara 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Wannan ɗan ɓurɓushin ne yake taruwa akawu ya kwana yana neman naira ɗaya.

Abu huɗu nake dubawa a kowane gurbi: irinsa, wato adadi ne ko rubutu ko kwanan wata, iyakarsa ta ƙasa da ta sama, dangantakarsa da 'yan uwansa, kamar kada ranar sallamar majinyaci ta riga ranar kwantar da shi, sannan ko abin da bayanin ya faɗa game da kansa gaskiya ne. Na huɗun nan shi ya haifar da ɓarakar Heartbleed da aka bankaɗo a manhajar OpenSSL, mai tsare sirrin saƙonni a intanet, a watan Afrilu na 2014. Baƙo zai aiko ɗan saƙo ya ce tsawonsa kaza ne, a mayar masa. Saba ba ta auna ba, sai ta kwaso har kusan kilobait 64 daga ƙwaƙwalwarta ta miƙa masa, da kalmomin sirrin mutane a ciki. Kamar mutum ya ba ka ajiyar kwano ɗaya ya dawo ya ce buhu ne, ka auna masa daga rumbunka.

Lambar asusun banki ta NUBAN lamba 10 ce, ta ƙarshen kuma ta tantancewa ce, ana lissafo ta daga lambar bankin da sauran taran. Tana kama kuskuren yatsa, amma kada ka tsaya a nan, tunda akwai asusun kamfanonin kuɗi na waya da lambarsu lambar wayar mutum ce aka cire wa sifili. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce tambayo sunan mai asusun a nuna wa mai turawa kafin ya danna. Haka alat: saƙon tes ko hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kada manhajarka ta rubuta "an biya" sai ta tambayi banki ko kamfanin biyan da kanta. 'Yan kasuwar waya ta Farm Centre da Beirut ba sai an yi musu dogon bayani a kan alat na bogi ba.

Mataki na huɗu: kada garin neman gira a rasa ido

Mai gadin da yake korar 'yan gida ya fi ɓarawo ɓarna, don shi kullum yana bakin aiki. Fom nawa ne suka ƙi Sa'adatu da Isma'il da Shu'aibu saboda 'yar alamar da ke tsakiyar sunan? Nawa ne suka mai da Ɗanladi da Ƙofar Mata alamun tambaya? Wanda ya haramta alamar tsoron masu kutse a rumbun bayanai yake ji, kuma tsoronsa gaskiya ne, amma maganinsa ba daidai ba ne. Abin yi shi ne aika umarni daban, bayanin mutum daban, ta hanyar guraben da kowane rumbun bayanai na zamani ya tanada, sannan a ajiye rubutu da tsarin UTF-8, wanda yake ɗaukar haruffa irin su ɗ da ƙ. In ka yi haka suna ya shigo yadda iyaye suka raɗa shi.

Haka lambar waya: wanda ya kafa dokar sai ta fara da 080 ya rufe wa masu 070 da 081 da 090 da 091 ƙofa. Wanda kuma yake gane kamfanin layi daga lambobin farko ya manta tun 2013 ake sauya kamfani a riƙe lamba.

Ni kashi uku nake yi. Abin da ba zai yiwu ba, a hana: ragi ya fi kuɗin kaya, kwanan watan 30 ga Fabrairu. Abin da zai yiwu amma baƙo ne, a yi gargaɗi a bar mutum ya wuce da sunansa a rubuce: ciniki ɗaya ya ninka na kullum sau ashirin, wanda a Kwari ko Singa yana faruwa in dila ya sauka. Sauran a ƙyale. "Ka tabbata?" kuwa tanade ta don abin da ba ya dawowa, kamar goge lissafi, kuma ta faɗi abin da za a rasa: "za a goge cinikin ranar Talata, rasit 43."

Mataki na biyar: a tsakar gida ka yarda, amma ka bar ƙararrawa

Bayanin da ya wuce soro ba sai kowane ɗan sashe ya sake wanke shi ba. Maimaita bincike ɗaya a wuri goma yana binne ainihin aikin, kuma ranar da doka ta sauya za ka gyara tara ka manta ɗaya.

Abin da ake sawa a ciki daban ne. A soro kana tsammanin kuskure, kana da amsar ladabi. A ciki kuskure yana nufin kai marubucin ne ka yi ɓaranɓarama, saboda haka so ake abin ya tsaya da ƙara. Wannan ne aikin umarnin assert: "a nan jimillar rasit dole ta yi daidai da tarin layukansa, in ba haka ba tsaya." A 2006 Gerard Holzmann na cibiyar JPL ta NASA ya fitar da dokoki goma na rubuta manhajar da rai ya rataya a kanta. Cikinsu akwai cewa a sami aƙalla irin wannan tabbaci biyu a kowane sashen aiki in aka yi tsaka-tsaki, kuma a duba amsar da kowane sashe ya mayar. Sai dai ka lura, Python tana tsallake assert in aka tayar da ita da alamar -O, yaren C ma yana cire shi in aka kunna NDEBUG. Kada ka ɗora binciken kuɗi ko izinin shiga a kansa.

Mafi munin ɗabi'a a nan ita ce haɗiye kuskure: a kama shi, a yi shiru, a mayar da sifili don kada manhaja ta faɗi. Sifili ƙarya ce mai kama da gaskiya. Firjin allurar rigakafi da wayar na'urar awonsa ta tsinke, in manhaja ta nuna 0, mai duba zai ce sanyi ya ɗan yi yawa, alhali babu wanda ya san halin da firjin yake ciki. Injiniyoyin masana'antu, irin na Sharaɗa da Chalawa da Bompai, suna da dabara a kan wannan: na'urorin awo da yawa suna aika saƙo tsakanin miliamfiya 4 da 20. Huɗu ita ce "babu komai a tanki". Sifili kuwa na nufin waya ta tsinke. Ka kwaikwayi wannan a manhaja, "ban sani ba" ta sami nata gurbin daban da "babu".

Mataki na shida: in mai gadi ya yi ihu, sai me?

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan labarin rokar Ariane 5 yake da amfani, domin mutane suna ba da shi rabi.

Ranar 4 ga Yuni 1996 aka harba ta karon farko daga Kuru, a yankin Giyana na Faransa, ɗauke da taurarin bincike huɗu. Wajen sakan 40 da kunna injinta ta tarwatse a sama. Na'urar da ke gaya mata inda ta dosa an gado manhajarta daga Ariane 4. A ciki akwai inda ake ɗura wata lamba mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin faɗin lamba a kwamfuta) cikin mazubi mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Ariane 5 ta fi yayarta saurin tafiya a kwance, lambar ta yi girma, mazubi ya cika ya tumbatsa.

Rabin da ba a faɗa shi ne, injiniyoyin ba mantawa suka yi ba. Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano sun duba lambobi bakwai da ke cikin wannan haɗari, suka kare huɗu suka bar uku, saboda an kafa musu iyaka kada aikin kwamfutar ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta, kuma lissafi ya nuna musu waɗannan ukun ba za su cika ba. A kan Ariane 4 gaskiyarsu ne. Yardar ba laifi ba ce, ɗaukar ta zuwa sabuwar roka ba a sake auna ta ba shi ne laifin. Sashen da ya faɗin ma aikinsa kafin tashi ne, an bar shi yana gudana bayan tashi saboda wata buƙata ta tsohuwar rokar.

Sannan ga abin da ya kashe ta: umarnin da aka ba na'urar shi ne in ta ga kuskure ta kai rahoto ta kashe kanta, don an ɗauka duk matsala ta lalacewar ƙarfe ce, na'ura ta biyu da aka tanada za ta karɓa. To ta biyun da ta farkon manhaja ɗaya suke ɗauke da ita, har ta riga faɗuwa da ƙiftawar ido. Babbar kwamfuta ta karɓi rahoton kuskuren ta ɗauka bayanin hanya ne, ta murɗe bakin injuna gaba ɗaya.

Kwatanta da Apollo 11 ranar 20 ga Yuli 1969. Ana cikin sauka a duniyar wata aiki ya yi wa kwamfutar yawa, ta buga ƙararrawa mai lamba 1202 da 1201. Manhajar, wadda aka rubuta a jami'ar MIT inda Margaret Hamilton ta jagoranci masu manhajar jirgi, an gina ta ne ta watsar da ƙananan ayyuka ta riƙe na tuƙi. Aka sauka lafiya.

Saboda haka kowane bincike ka rubuta masa amsar "sai me?" Lissafin kuɗi: tsaya, kada ka rubuta rabi. Famfon rijiyar burtsatse da aka daina jin na'urar awonsa: kashe, don tanki da ba ruwa ya fi famfon da ya ƙone. Manhajar karɓar marasa lafiya da ta kasa samun intanet: ci gaba, ajiye a gida, a daidaita daga baya, ba a mayar da mai naƙuda saboda sabis. Saƙon da za ka nuna kuma ya faɗi abu uku da harshen mai aikin: me ya faru, me bai faru ba, me zai yi yanzu.

Mataki na bakwai: rashin amsa ba "a'a" ba ne

Duk mai POS ya san wannan da jikinsa. Na'ura ta ce bai yi ba, kwastoma ya ce an cire masa. Saƙo ya isa banki, amsar ce ta maƙale a hanya. Manhajar da ta ɗauki shiru a matsayin gazawa ta sake turawa, ta cire wa mutum sau biyu.

Ba wa kowace hulɗa lamba tata tun kafin ta fita. In za a sake turawa, da lambar nan za a tura, mai karɓa kuma in ya ga ya taɓa ganinta ya maimaita tsohuwar amsa kawai. Yanayi uku za ka tanada, ba biyu ba: ya yi, bai yi ba, ana jira. Na ukun tambaya ake yi a kansa, ba maimaitawa ba. Kuma kowane jira ka yanka masa wa'adi, kada allo ya yi ta juyawa har magariba.

Mataki na takwas: inda rai ko gobara take, sa mai gadin ƙarfe

Na'urar gashin ciwon daji ta Therac-25, ƙirar Kanada, ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima aƙalla sau shida tsakanin 1985 da 1987, wasu suka rasu. Wadda ta gabace ta, Therac-20, tana da makullan ƙarfe da ke hana hakan ko manhaja ta yi kuskure. A sabuwar aka cire su aka dogara da manhaja. In ma'aikaci mai saurin hannu ya gyara umarni cikin 'yan sakanni sai ta rikice, allo ya nuna lambar matsala 54 ba bayani. Ma'aikatan kuma sun saba ganin irin waɗannan saƙonni barkatai, sai su danna a ci gaba, kamar yarana na Kwari. Jiragen Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi, na Indunusiya a Oktoba 2018 da na Habasha a Maris 2019, mutum 346 suka rasu, kuma a wancan zamanin manhajar da ke danna hancin jirgin ƙasa na'urar awo ɗaya take saurara a lokaci guda alhali jirgin yana da biyu.

A aikinmu na gida ma'anar ita ce: tanki ya sami makunnin da ke yawo a kan ruwa, ya kuma sami bututun ambaliya. Canjin wuta tsakanin janareta da layin gari ya zama irin wanda hannu ba zai iya haɗa su tare ba ko mutum ya so. Fis ya zauna dab da batir, kome wayon inbata. Mai gadi na biyu kuma ya bambanta da na farko, in ba haka ba cuta ɗaya za ta kwantar da su.

Masu haɗa sola su ƙara da wannan. Lambobin jikin fanel a zafin digiri 25 aka auna su, kuma ƙarfin wutarsa ƙaruwa yake in ya yi sanyi, wajen kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri. Fanel uku masu bolt 49 a jere sun ba da 147, na'urar caji kuma iyakarta 150, ka ga kamar akwai sarari. Safiyar hunturu a Janairu, in sanyi ya sauko zuwa digiri 13, sai su haura 152. Kowa zafin Afrilu yake tsoro, sanyin asuba ne yake ƙona wannan.

Mataki na tara: kowace yarda ka rubuta mata dalili da wa'adi

In ka yanke shawarar ba za ka bincika ba, rubuta a wurin: na yarda da kaza, saboda kaza, zai daina zama gaskiya in kaza ta faru. Mai ɗaukar manhajar shagon atamfa ya kai wa dilan hatsi ko kantin magani ya fara da karanta waɗannan layukan.

Masu mitar kati sun ga wa'adin zato da idonsu. Lambobi 20 da ake lodawa a da suna ɗauke da ƙidayar mintuna tun daga 1 ga Janairu 1993, a mazubi mai bit 24, wato minti 16,777,216. Ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024, shi ya sa kamfanonin raba wuta suka yi ta shelar a loda lambobin sauya makulli kafin ranar. Wannan yarda ce da aka san wa'adinta, aka shirya mata. Wata tana tafe: na'urorin da ke ƙirga sakanni tun 1970 a mazubi mai bit 32 za su cika ranar 19 ga Janairu 2038.

Mataki na goma: gwada mai gadin da kanka

Binciken da ba a taɓa ganin ya kama wani abu ba, shi ma zato ne. Kafin ka miƙa aiki, ware yini guda na ɓarna. Zare filogi ana tsakiyar ajiye ciniki, ka kunna ka ga me ya rage. Kashe data bayan an danna "biya". Mai da agogo baya shekara biyar. Buga sifili, buga adadi mai ragi, bar gurbi fanko, zuba suna mai harafi ɗari uku, rubuta 1,500 da waƙafi da kuma 1.500 da ɗigo. Danna maɓalli sau biyu da sauri. Ɗauko ajiyar bayanan jiya ka dawo da ita kan wata kwamfutar daban, ka ƙirga rasit ɗin. Cire wayar na'urar awo ka tsaya ka ga ko famfo ya mutu. In akwai bireka mai kare mutum daga jan wuta, danna ɗan maɓallin gwajin da ke jikinta.

Bayan ka gama naka, kira yaron da ya fi kowa gaggawa a shagon, ka ba shi kujerar, ka ce ya yi ciniki ashirin kamar ana jajibirin Sallah. Kada ka yi masa bayani, kada ka kai hannu. Koma bayansa da takardar nan ta mataki na ɗaya, duk inda ya yi abin da ba ka zata ba ka ƙara layi.